Saƙon Baba Mai Fuska Biyu

Zuwa ga Yaya Yakubu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali a Jos. Shekara uku ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na rubuto a nan, inda kowa zai gani.

Ka tuna ranar da muka yi gardama kan jinyar Baba? Na ce zan ɗauke shi daga gidansa na unguwar Television ya dawo wurina a Barnawa. Ka ce ba zan iya ba, ga koyarwa ga yara. Da yammar ranar Baba ya turo mini saƙo da Turancinsa na tsohon akawu: "I trust you more than Yakubu."

Na karanta shi yadda raina ke so: ya fi amincewa da ni a kanka. Na adana shi kamar lambar yabo.

Bayan jana'iza, da muka sake saɓawa a gaban dangi, na miƙa maka wayar. Ka karanta sau biyu, ka ajiye ta a kan benci a hankali, ka ce, "To, Ladi, na ji." Washegari ka tafi.

Makon jiya na nuna saƙon ga Madam Doose, wadda muke koyar da Turanci tare. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ƙawata, wannan jimla fuska biyu gare ta. Tana iya nufin ya amince da ke fiye da yadda Yakubu ya amince da ke."

Ni da nake koya wa ɗalibai wannan darasi kowace shekara, ban gan shi a wayata ba. Kuma a ranar da ya turo shi ne fa ka ce ba zan iya ba. Ƙarfafa ni Baba yake yi, ina jin, ba auna 'ya'yansa ba.

Ba ni da tabbas, wanda zan tambaya kuwa ya tafi. Amma na san ni na zaɓi ma'anar da za ta yi maka ciwo, na kuma ba ka ita a ranar da ka binne mahaifinka.

Yayana, ka yafe mini.

Ubangiji ya ba Baba hutawa, ya kiyaye ka, ya sanyaya zuciyarka. Ranar Lahadi bayan sujada zan kira. Don Allah ka ɗaga.

Ƙanwarka,
Ladi