Amanar Celestina

Rusholme, Manchester
8 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Saudatu. Ya sanyi, ya aiki? Uwargidana Hajo tana gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Yau bayan an sauko daga Juma'a, Alhaji Sanda ya tare ni a gaban mutane, ya miƙo mini wayarsa yana wannan murmushin nasa. Hoto ne daga wata jaridar Birmingham. Wata mata ce a ƙofar laburare, ta ɗaura jan ƙyalle a wuya a kan hijabi, ta ɗaga kwali mai zanen wata yarinya tana tashi sama. Ya ce, "Injiniya, ashe akwai masu tashi a gidanku?" Na duba, na sake dubawa. Ke ce.

Murja, shekararki arba'in da shida. Da bakinki kika faɗa mini council, wato hukumar gari, za ta rufe laburaren da kike aiki a Balsall Heath, kuma cikin ku biyar ke kaɗai aka yi wa alkawarin wani gurbi. Mijinki ya rasu, Saudatu tana jami'a, wannan aikin ne rufin asirinku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ke kuwa kin fita titi da alkyabbar 'yan wasa. Ki yi mini bayani, kuma ki daina.

Allah ya shirya mu baki ɗaya.

Yayanki,
Maharazu

*

Perry Barr, Birmingham
14 ga Fabrairu, 2013

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi da godiya. A gaishe mini da Anti Hajo. Shi kuma Alhaji Sanda a ce masa na gode, ban san yana karanta jarida ba.

Bayani ka nema, to ga shi. Daina kuwa, sai ka gama karantawa.

Akwai wata ƙawata Celestina, 'yar Filifin ce, nas, ta kusa sittin. Shekara uku da suka wuce ta shigo mana da tsohon akwati tana ja da kyar. Da ta buɗe, littattafan zane ne na ƙasarsu, guda ɗari biyu da tamanin da shida, su komiks suke ce musu. Takardar ta yi ja kamar ta kantu. Duk labaran jarumai ne masu tashi sama da ɗaga mota. Ta ce a can ba wasan yara ba ne. Manya ma suna bi, a mai da labarin fim, a sake mai da shi na talabijin, kaka da jika su zauna suna gardama a kan wace 'yar wasa ce ta fi iya tashin.

Wadda ka gani a kwalina sunanta Inday Unos. 'Yar tallan kifi ce a kasuwa. In an zalunci talaka sai ta juya jan ƙyallen da take ɗaurawa a gaba ya koma baya, guguwa ta ɗauke ta. Ba ta da gidan sama, ba ta da mota. In ta gama da azzalumai, tana dawowa ta tarar kifinta ya fara wari, uwarta tana faɗa. Wallahi Yaya, ban taɓa ganin jarumar da ta yi kama da mutanenmu irinta ba.

Mahaifin Celestina shi ke bin zanen fensir da tawada a madaba'ar da ke buga su. Shekara talatin yana yi, ba a taɓa sa sunansa ba. Ya rasu bai bar mata komai ba sai akwatin nan. Tana gane hannunsa a yadda yake zana ruwan sama. Ta ce flat ɗinta da danshi, in ajiye mata su a nan yara su riƙa gani. Ba takarda, ba sa hannu. Ta riƙe hannuna ta ce ta yarda da ni. Duk Asabar take zuwa ta karanta tana fassarawa, 'ya'yan Somaliya da na Pakistan da namu sun kewaye ta, ba ka jin ko tari.

Ga inda na yi wauta. Na ga abu ne mai daraja, na ƙi a riƙa yi masa kallon tsummar takarda. Sai na ɗauko hatimin laburare na bi su ɗaya bayan ɗaya na buga, na ba kowanne lamba kamar sauran littattafai, na rubuta cewa a nan ake karantawa, ba a fita da su. Ni a ganina karramawa ce, kamar ka sa wa baƙo tabarmar mai gida. Yanzu manaja ya ce duk abin da ke da hatimi na council ne. Masu kyau za a rarraba wa wasu laburaren, tsofaffi kuma injin niƙa takarda. Ka san layin da na Celestina suka faɗa.

Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ba komai, Murja," ta juya tana gyara jakarta. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

To ka ji dalilin jan ƙyalle. Labulen kicin ɗina ne, kuma ya yi mini kyau.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Murja

*

Rusholme, Manchester
23 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Ina fatan kuna lafiya.

Na tausaya wa wannan baiwar Allah. Amma ƙasar nan ƙasar takarda ce, kin fi ni sani. Ki rubuta wa council, ita ma ta rubuto shaidar cewa kayanta ne, ku jira amsa. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, kin yi iyakar ƙoƙarinki, ki ba ta haƙuri. Ba da mugun nufi kika buga hatimin ba, kuma Allah yana duba niyya.

Abin da nake tsoro shi ne halinki. Na san ki tun kina rarrafe: in kika ce "ba komai" to akwai komai. Kada ki kuskura ki ɗauki ko shafi ɗaya ki sa a jaka. Sata za su kira shi, kuma mu baƙi laifinmu ba ya tsufa. A ofishinmu an sallami mutum goma sha ɗaya tun bara, Turawa ma, masu digiri biyu. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Za ki jefar da abincinki saboda zanen mai tallan kifi?

Ki yi tunanin Saudatu. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Maharazu

*

Perry Barr, Birmingham
2 ga Afrilu, 2013

Yaya,

Salamu alaikum. Ina wuni, ya iyali? Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na tsaya bin shawararka ne.

Na rubuta. Celestina ta rubuta. Sau uku. Amsar farko ta ce an karɓi saƙonmu. Ta biyu ta ce wanda ke kula da wannan sashen an rage shi daga aiki. Ta uku ba ta zo ba har yau. Motar kwasar takardu kuwa ba a rage ta ba, an sa mata rana.

Ka ce kada in sa ko shafi ɗaya a jaka, kuma ban sa ba. Shekara tara ina aikin nan, abu ɗaya na iya: ba da aron littafi. Kowane mai kati yana da ikon ɗaukar goma. Na yi lissafi, mutum ashirin da tara nake bukata.

Alhamis ɗin da ta wuce ce ranar rufewa. Da hantsi na ɗaga kai na ga layi har bakin titi. Nas-nas 'yan Filifin da rigunan aikinsu, uwayen yaran Asabar, mahaucin da ke kusa da mu, da ɗalibanmu na nan Perry Barr da Saudatu ta taso. Mutum ashirin da tara na nema, sama da hamsin suka zo, har aka riƙa rigima a kan wa zai samu. Wata tsohuwa 'yar Somaliya ta ce ita ba ta tafiya sai da mai kifi a hannunta.

Na shiga na'ura da sunana, na cire alamar hana fita, na fara miƙawa goma-goma. Manaja ya fito ya tsaya a kaina. Mutumin kirki ne, shi ma nasa aikin a ranar ya ƙare. Ya ce a hankali, "Murja, this is misconduct. Kin saɓa dokar aiki, dole in rubuta." Na ce, "Rubuta, ga biro. Next, please." Na ci gaba da miƙawa.

Kowa ya fita da nasa, ya sha kwana, ya zuba a but ɗin motar Celestina. Ita ba ta san da shirin ba, ce mata na yi ta zo mu yi sallama da ginin. Ta tsaya tana kallon mutanen da ba ta sani ba suna miƙo mata aikin ubanta. Ta buɗe ɗaya, ta sa yatsa a kan zanen ruwan sama, sai ta zauna a gefen titi ta fashe da kuka. Ni ma na yi, a gaban mahauci da kowa.

Council da kanta ta rubuta cewa shara ce. In suna da sauran ma'aikata, su bi gida ashirin da tara neman shara.

An dakatar da ni. Ranar sha biyar ga wata zan gurfana gaban kwamiti. Na san abin da za ka ce, ka faɗa, ina saurare.

Ƙanwarka,
Murja

*

Rusholme, Manchester
6 ga Afrilu, 2013

Murja,

Assalamu alaikum. Ba zan yi faɗa ba, aikin gama ya gama. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, Hajo shaida ce.

Na kai maganar wurin wani abokina lauya. Ya ce akwai ƙofa. In kika ce ruɗanin ranar rufewa ne ya sa kika cire alamar bisa kuskure, ba da niyya ba, kika nemi afuwa, gargaɗi kawai za su ba ki, gurbinki yana nan. Na rubuta miki takardar da Turanci mai kyau, ga ta a ciki. Sa hannu kawai za ki yi a inda na yi alama da fensir.

Matar ta samu kayanta, kin sauke amana. Me ya rage? Layi uku ne, Murja. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki, don darajar iyayenmu.

Allah ya sanyaya zuciyarki.

Yayanki,
Maharazu

*

Perry Barr, Birmingham
16 ga Afrilu, 2013

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode, har cikin raina. Na san ƙauna ce ta sa ka rubuta.

Ga takardarka na mayar, ban sa hannu ba. Na je da ita a jaka, har na ciro biro. Suka tambaye ni ko kuskure ne. Na tuna mutum hamsin sun ga fuskata ranar, har da 'yata. Na ce musu kuskure na yi shi shekara uku da suka wuce, wannan kuwa da gangan na yi, kuma da hankalina.

Sun sallame ni. Ina jin tsoro, Yaya, sosai. Amma gobe da safe zan fita neman aiki, kuma duk wanda ya tambaye ni dalilin korata, zan iya kallon idonsa in faɗa masa.

A gaishe da Anti Hajo. Ka ci abinci.

Ƙanwarka,
Murja