Damisar da Ba Ta da Kafili

Madain Fahd, Jidda
Watan Sha'aban

Zuwa ga Yayana Zaharadden,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zubaidatu da yara da duk mutanen gida a nan Kano. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema, ya kai mu azumi da rai da lafiya. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mijina Saif yana nan yana fama da aikinsa a tashar jiragen ruwa. 'Yarmu Dalal, wadda ka bari tana rarrafe, yanzu tana jami'a, ta kere ni tsawo kuma ta fi ni baki. Ƙanenmu Muath ya zama magidanci sosai, har tumbi ya ajiye. Goggo Turai ƙafar tata ta yi sauƙi, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Dalilin shi ne a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, tun muna yara haka kake. Takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba. Na ba Hajiya Sajida maƙwabciyarku da ta zo Umra, na roƙe ta ta damƙa maka hannu da hannu. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe, wanda ka ce a ciki ɗaukar Baba a kai shi dajin Indiya kallon dabba rashin aikin yi ne, a bari sai bayan aikin Hajji. Ban ji haushi ba, domin ba ka san abin da na sani ba.

Yaya, idon Baba yana tafiya. Abin da muke ce maka a waya, wai yana ɗan fama da ido, sassautawa ce kawai. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma yana tsukewa daga gefe, likita ya ce yanzu ganinsa kamar na mai leƙe ta cikin bututu ne. Ana ɗiga magani, an yi aiki sau ɗaya, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kwanaki ina zaune ya ɗauki buta zai zuba wa baƙo shayi, ya tsiyaya shi a kan faranti a gefen kofin. Ni kuwa na tashi na shiga kicin na yi kukana.

Ka san bargon nan mai hoton damisar Indiya, mai ratsin baƙi da ruwan goro, wanda Baba ya ƙare rayuwarsa yana sayar wa alhazai a kasuwar Bab Makka. Da shi aka yi mana komai, a cikinsa muka yi barci, ina jin babu unguwa a Kano ko Damagaram da wannan damisa ba ta shiga ba ta hannun Baba. Kullum alhazai sai sun tsokane shi, su ce Alhaji Othman mai bargo, shin ka taɓa ganinta kuwa? Shi kuma ya ce sai bayan Hajji. Bara Saif ya kai shi wani gidan namun daji don ya fita daga wannan tsokana. Suka tarar da ita kwance a bayan ƙarfe ta juya wa mutane baya. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Saif su tafi, wannan ai irinsa ce, a zaune take da izinin wani. Ya ce shi wadda ba ta da kafili yake so ya gani. A lokacin dariya muka yi. Ranar da muka fito daga wurin likita, a cikin mota, ya sake faɗa, kuma babu wanda ya yi dariya.

To, sai muka shiga shiri, muka kuma fara da kuskure irin namu na mutanen Jidda. Muka zauna muka zaɓi watan Yuli, kowa yana yaba wa kansa da dabara. An gama Hajji, kasuwa ta lafa, makarantu suna hutu, uwa uba Dalal ta duba ta ce lokacin damina ne a can. Kai ka san mu da ruwan sama, hadari kaɗan ya haɗu sai gari ya fito da motoci ana ɗaukar hoto. Goggo Turai har ta fara neman lema. Dalal ta rubuta wa mutumin da ke shirya shiga gandun dajin Rantambor, wanda ke kusa da birnin Jaipur, sai ya amsa da cewa a watannin damina rufe babban ɓangaren dajin ake yi. Hanyoyi sun zama laka, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina, damisa ba ta da dalilin fitowa. Ya ce mai son ganinta da gaske sai ya zo da tsananin zafi, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ganye ya zube, tafkuna suka ƙafe sai 'yan kaɗan, ƙishirwa ta kawo ta bakin ruwa. Wato mu da muka saba gudun zafi, zafin za mu je nema. Da muka duba watan, sai ga shi ya faɗo daidai kan Zulƙida, lokacin da jiragen alhazai ke sauka.

Nan fa gida ya kama da musu. Tun Baba yana ɗan yaro a gefen mahaifinsa bai taɓa barin Bab Makka a lokacin alhazai ba, ko ranar da aka haife ni sai bayan la'asar ya zo. Goggo Turai ta ce halas, wato magana ta ƙare, a kunna masa damisar a waya ya kalla ya huta, wa ya taɓa jin mai hankali ya rufe ido ga kasuwar shekara ya tafi daji. Muath ya ce shi tsoron a bar masa shago yake ji, alhazai Baba suka sani, ba shi ba. Saif ya ce a jira a sake buɗe dajin bayan damina. Ni ban yi gardama da kowa ba, na koma wurin likita ni kaɗai na tambaye shi kai tsaye ko zai iya ba ni tabbacin idon zai kai bayan damina. Ya ce ba zai iya ba. Na dawo na ce musu a Zulƙida za mu tafi, alhazai suna zuwa kowace shekara, idon Baba kuwa ba ya da wata shekarar da aka yi mana alkawarinta. Na faɗa a gabansa, alhali ban taɓa yanke magana a gaban Baba ba. Na zaci na ɓata masa rai. Sai ya laluba aljihu ya fito da makullan shago ya miƙa wa Muath, ya ce masa kada ya bar alhaji ya fita bai sha shayi ba, ko ya saya ko bai saya ba.

Yanzu shiri ya yi nisa. An sabunta iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, kafilinsa da yake zaune a ƙarƙashin sunansa ya amince da bizar fita da dawowa, ta Indiya ma tana hanya. Wahalar da ta rage ita ce Baban kansa. An ce kada a sa fararen kaya a daji, sai masu launin ƙasa, ga mutumin da ban taɓa ganinsa da wani abu ba sai farar jallabiya. Na ɗinka masa mai ruwan toka, ya gwada ya ce ya zama mai gadin ma'aikata. An ce kada a shafa turare, ya ce to damisar ta yi haƙuri da warin tsoho. An ce a yi shiru a cikin mota, wannan kam sai addu'a, domin ka san muryar da ke kiran alhaji daga wancan ƙarshen layi. Dalal ta samo masa madubin hangen nesa, kullum da yamma suna hawa saman gida yana koyon kama abu da idon dama, kuliyoyin Madain Fahd su ne damisoshinsa. Goggo Turai kuwa, mai cewa halas, ita ta fara haɗa jaka, wai ba za ta bar ɗan'uwanta a hannun yara ba. Mutumin dajin ya gaya mana gaskiya cewa babu mai ba da tabbacin ganin damisa, ana iya shiga safe da yamma a fito da labarin barewa da ɗawisu kawai. Na ce na ji, za mu yi ta shiga har kwanakinmu su ƙare.

Saura maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Motar da ake shiga dajin da ita buɗaɗɗiya ce, mutum shida take ɗauka. Mu biyar ne: Baba, Goggo, Saif, Dalal da ni. Mutumin ya ce zai cike kujerar da wani baƙo. Da Dalal ta gaya wa Baba haka, sai ya ce a'a, kada a ba kowa, a riƙe ta. Na tambaye shi wa za a riƙe wa. Ya ce shi dai ya ce a riƙe. Can kuma, yana goge gilashin madubin da bakin rigarsa, ya tambaye ni wai daga Kano ana samun jirgin da ke kai mutum Indiya, ko kuwa sai an sha wuya.

Yaya, ni da kai mun san Baba. Tun da ka bar aikin kafilinka ba da son ransa ba, aka kama ka aka fitar da kai, aka rufe maka ƙofar dawowa, bai taɓa buɗe baki ya ce yana kewarka ba. Gaisuwarku a waya ba ta wuce lafiya lau da a gaida yara. Na sha ce masa mu je Kano, ya ce sai bayan Hajji, kamar yadda kai ma ka ce a saƙonka, domin halinku ɗaya ne. Ba zai bi ka gida ba, kai kuma ba ka da hanyar zuwa nasa. Amma ya yarda ya je daji, kuma ya ajiye kujera a gefensa. Wannan ita ce iyakar abin da zai iya faɗa, kada ka jira ya ƙara.

Abin da nake so ka yi ba shi da yawa. Ka turo wa Dalal hoton fasfonka, domin ba a rubuta kujera sai da sunan mai ita. Ka fara neman biza tun kafin azumi ya yi nisa, mutanen Kano ba baƙin hanyar Indiya ba ne, ba za ka rasa wanda zai nuna maka ba. Ka nemi riga mai launin ƙasa, ka bar turarenka a gida. Mu haɗu a Delhi mu ƙarasa tare.

Ka gaida Anti Zubaidatu da kyau, ka ce mata na san ita za ta fi ni iya tura ka. Ka gaida Mus'ab da Hikima, da Kawu Gwadabe da iyalinsa. Saif da Muath da Dalal suna gaishe ka, Goggo Turai ta ce ka taho mata da daddawa da kuka. Baba bai ba ni saƙo ba, amma ya san ina rubutawa, kuma bai hana ni ba.

Damisa tana iya fitowa, tana iya ƙi, wannan ba a hannuna yake ba, kuma na bar wa Allah. Abu ɗaya ne na san zan iya ajiyewa a gaban idon nan kafin ya rufe, shi ne fuskarka. Kujerar tana nan, kuma ba zan ba baƙo ba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bara'atu Othman