Ɗorawar Adda a Bakin Gatari

Zuwa ga mahaifiyata, Dada Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan ƙasar Malkohi ba ta yi miki nauyi ba. Ni ne Sale, mai itace a Dubeli. Na san ko kina raye sai an karanta miki, amma ke kaɗai ce nake iya faɗa wa magana ba tare da na shafa mata mai ba. Masu leƙen abin da nake rubutawa su leƙa, dama rabinsu a wurina suke sayen itace.

Maganar bishiyoyin ɗorawarki ce, guda ukun nan na bayan gidanmu a ƙauye. Ke kika gaje su daga kakarmu, kika ce a gidanmu daga uwa zuwa 'ya suke tafiya, saboda haka na yayata Adda Hajara ne. Da na tambayi rabona, dariya kika yi, kika ce, "Kai bakinka ya ishe ka gado." Na yi dariyar ni ma, amma ban manta ba.

Ko sanyi zai kashe mu ba kya bari a sari reshe ɗaya. Kara muke ƙonawa mu ji ɗumi, hayaƙi na cin idonmu, ga ƙatuwar bishiya tsaye a bayan katanga. Kin ce kalwarta ce daddawar da kike sayarwa, daddawar ce ta kai ni sakandare.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo ƙauye muka gudo da ƙafa, kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Ke tukunyar dafa kalwa kika ɗauko. Mijin Adda bai fito ba. Ke kuma sanyi na biyu a sansanin Malkohi ya tafi da ke. Adda ta zauna a Malkohi da 'ya'yanta da tukunyarki, ni na shigo Jimeta da gadona.

Kuma ya yi min rana, Dada. Gari ya cika ya batse, kowa na neman wuta. Masu abinci, masu wankan jego, tsofaffin unguwar Makama da ba sa iya fita sallar asuba sai an sa musu garwashi a kasko. Ƙirya ta ƙare a kusa, marke ya ƙare. Wata rana direban da ke kawo min kaya ya ce babu sauran babban itace sai ɗorawa, a ƙauyukan da babu kowa. Na ce masa, "Itace na ce ka kawo, ban ce ka kawo min tarihinsa ba."

Ɗorawa ba ta kai ƙirya riƙe wuta ba, kowane mai itace ya sani. Amma tana da jiki, tana cika mota, ba ta wahalar da gatari. Ni kuwa sai na ce wa masu saye ita ce ta jin ɗumi ta asali, wutarta mai laushi ce, ba ta sa tsoho tari. Har wata Hajiya ta riƙa aikowa tun daga Yola a kan ita kaɗai take so. Shekara huɗu ina sayar da miyar matan da ban sani ba, kuma barcina nake yi lafiya lau.

Bana hanya ta buɗe, mutanenmu sun fara komawa. Adda ta ce da sanyi ya wuce za ta tafi, kafin ɗorawa ta fitar da jajayen furanninta. Ba ta da gona, ba ta da miji, rufin ɗakin ma an ce ya faɗi. Abin da take da shi bishiya uku ne da tukunya. Ta ce sun isa, ai sun ishe ki. Tun watan jiya ta ɗaure kayanta, tana koya wa babbar 'yarta yadda ake gane kalwa ta dahu.

Ranar Talata da hantsi ana faskare sabon lodi, gatari ya ci karo da ƙarfe har ya yi tartsatsi. Na duba cikin gungumen. Sandar fedar keken Baba ce, itacen ya haɗiye ta. Ni na buga ta da dutse ina ɗan shekara tara, don ki riƙa rataye gorar ruwa idan kina tsintar kalwa.

Na kira direban gefe na tambaye shi guda nawa suka tarar a bayan gidan. Ya ce uku ne, duka sun kwashe, kuma sun yi kyau.

Kina jiran in ce na zauna na yi kuka. Ban fi minti biyu a tsaye ba. Na ce a ci gaba da faskare, abin da aka sare ba ya komawa. Kafin la'asar na sayar da rabi.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda na kasa gane kaina a ciki. Duk sanyi nakan aika wa Adda dami biyu. Sai na ɗaura mata daga cikin wannan, na ba mai keke ya kai. A raina na ce ai nata ne, ko ba komai yaranta su ji ɗuminsa. Ban sani ba ashe wata maƙwabciyarmu da ta je duba gida ta riga ta gaya mata ta ga kututture uku. Wanda ya sa aka sare ne kawai ba ta sani ba, sai ga ɓawon ɗorawa a ƙofar ɗakinta da sunana.

Mai keken ya dawo da damin biyu ko igiya ba a kwance ba. Saƙonta kuma bai fi haka ba: "Ka ce masa mun gode, sanyin bana da sauƙi."

Na je ranar Juma'a da maganganu cike da baki, na shirya su tun a hanya. Na tarar ta kwance kayan, ta kife tukunyarki a bayan ɗaki. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Ta tambaye ni kasuwa, ta tambaye ni iyali. Tun da aka haife ni Salele take kirana. Ranar kuwa "Malam Sale" ta ce min, har sau uku, har na tashi.

Ba za ta koma ba, Dada. A Malkohi za ta tsufa, kusa da ke.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa ki a inuwar da ba mai sarewa. Allah Ya buɗa wa Adda wata ƙofa da ba ta bi ta hannuna ba. Ni kuma Ya yi min abin da Ya ga dama, gobe da safe wani lodin zai iso kuma ban ce a fasa ba.

Naki, duk da haka,
Sale mai itace,
Dubeli, Jimeta.