Za su raba muryar mijina gida huɗu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu sanin ordinatar, wato kwamfuta, da kuma malamai, don maganar tawa ta haɗa su duka, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni malamar lakwal ce, makarantar boko, a nan Yamai, gidanmu yana wajen Wadata. Mijina mutumin Tawa ne, ma'aikacin gwamnati, Allah ya yi masa rasuwa, ban daɗe da fita takaba ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, mu biyu ne kawai a gidan, sai wani baƙin akwati da ke bayan tele wanda nake tsokanarsa ina cewa shi ne ɗansa. Akwatin ajiya ne mai diski huɗu a ciki, yana haɗe da wifi na gida, duk abin da ke cikinsa sai ka kalla a tele ko a salula. Mutumin nan bai bar komai ba wallahi, tsofaffin hotunan gidansu, waƙar daka ta marigayiya mahaifiyarsa, bidiyon aurenmu, har ni ina tuƙa tuwo ina masifa ya sauke salular nan daga fuskata, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya. A lokacin haushi yake ba ni. Yanzu in na dawo daga aiki na buɗe ƙofa ba mai cewa sannu da zuwa, sai in kunna tele in ji muryarsa, sannan abinci yake iya shiga bakina.

Kafin ciwon ya kwantar da shi akwatin ya kusa cika, sai ya sayo manyan diski huɗu don ya faɗaɗa shi. Ya zaunar da ni ya koya mini, ina ta hamma. Ya ce ba a cire su gaba ɗaya, ɗaya ake cirewa a sa sabo, a bar akwatin ya gama kwashe komai ya jera a cikinsa, ko da zai kwana yana yi, sai fitila ta koma kore a taɓa na gaba. Ya ce kowane hoto a yayyanke yake, an watsa shi cikin huɗun, in ɗaya ya mutu sauran ukun za su riƙe, amma in biyu suka fita an yi asarar komai. Ya canza biyu. Sauran biyun suna nan cikin kwalinsu a alamarin tufafi, yadda ya ajiye su.

To ga inda matsalar take. Yayansa ya zo daga Tawa, ya haɗu da ƙannensu biyu saboda rabon gado, iyayensu sun rasu, mu huɗu ne magada, ni ina da ɗaya bisa huɗu. Mota da fili duk ba a yi gardama ba. Da aka zo kan akwatin sai Yaya ya ce ai Allah ma ya sauƙaƙa, diski huɗu, mutum huɗu, kowa ya zare ɗaya ya tafi da abin tunawa da ɗan'uwansa. Kar ku zage shi don Allah, mutumin kirki ne, hawaye yake yi lokacin da yake faɗa, muryar mahaifiyarsu yake so. Na yi masa bayani da ladabi, na ce Yaya diski ɗaya shi kaɗai ƙarfe ne kawai, ba abin da zai nuna maka. Sai ƙaramin ya ce ai shi ma yana da diski a shagonsa na kasuwar Katako, kebul kawai yake soka masa ya ga komai, wai dabara ce nake yi don in riƙe duka. Kai, maganar nan ta ƙona mini rai! Na bar maganar a nan don kar a ce daga mutuwar miji na fara ɗaga wa danginsa murya. Malamin da ke rabon ya ce kar kowa ya taɓa komai sai ran Juma'a da za a kammala.

Tun shekaranjiya kuma fitilar diski na uku, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta koma ja, yana wata ƙara ƙas-ƙas. Na san abin da ya kamata, in zare shi in sa sabo, ya nuna mini da hannunsa. Amma sabon ma kayan gado ne, an ce kar a taɓa. Ga zafin nan ana ta ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batirin da ke riƙe akwatin ya gaji, ina tsoron wuta ta tafi yana tsakiyar aiki in lalata abin da hannuna. Wata abokiyar aikina ta ce in kwafe komai a wani wuri tukuna, sannan a yi wa kowa kwafinsa. Na yarda da ita, amma ban san ta inda ake farawa ba, kuma in Yaya ya ji na kawo wani ya buɗe kafin Juma'a, maganar ƙaninsa ta tabbata ke nan. 'Yan'uwana suna Maradi, in na kira sai su ce in yi haƙuri, ai hoto ne kawai.

Malamai, in na canza diskin nan don in ceci abin da ke ciki, na ci amanar gado? Masu ordinatar, in kashe akwatin ne har Juma'a, ko kashewar ma haɗari ce? Kuma da wane baki zan fahimtar da Yaya? Ni ban damu da rabona ba, su ɗauki akwatin ma gaba ɗaya in za su bar shi a haɗe. Na riga na ga an fita da mijina daga gidan nan sau ɗaya, ban iya hanawa ba. Wannan karon ina iya hanawa, hanyar ce ban sani ba. Me zan yi kafin Juma'a?