Katin Ƙarshe Yana Cikin Kabad Ɗina

Malama Bernadine,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma idan kin karanta kin ga kamar na fara zarewa, ki faɗa min kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Shekarata saba'in da huɗu. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, ni ce ma nake yi wa masu rubuto miki dariya. To yau ga ni.

Maigidana, bari in kira shi Wendell ko da yake ba sunansa ke nan ba, ya daɗe da yin ritaya daga kamfanin takarda na garinmu. Tun kafin in aure shi yake tara katunan 'yan wasan besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, irin katunan da ake sakawa cikin ƙunshin cingam muna yara. Kuma ba kowanne ba, sai na shekarar 1956, lokacin da yake ɗan shekara tara. Nasa na asali uwarsa ta zubar da su lokacin da ya tafi soja, kamar yadda uwar kowa ta yi, shi kuma ya ci alwashin sai ya dawo da su kaf, daga na farko har na ƙarshe, masu lafiya ƙalau. Ke ma kin san abin da yaran lokacin suka yi da katunan nan. Wasu a maƙala su a ƙafar keke don ta riƙa ƙara, wasu a cusa su aljihun baya a zauna a kai. Samun wanda kusurwoyinsa huɗu suke tsaye cak ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ya samu sai ya aika wa masu ba da maki, su duba su ba katin daga ɗaya zuwa goma, su rufe shi ruf cikin gidan roba wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Wendell ba ya karɓar ƙasa da takwas. Akwai ranar da ya ƙare min kallo da gilashinsa na ƙara girma ya ce wai ni shida ce, kusurwoyi sun lanƙwashe amma launi bai gudu ba. Na ce shi uku ne, kuma ya je ya nemi mai dafa masa abincin rana.

Ba ƙorafin katunan na zo yi ba. Mijin wata giya, mijin wata caca, nawa kwali. Na daɗe da sallamawa.

Su uku ne suke wannan haukan: shi da Earl da Duane, abokai tun makaranta. Duk Alhamis suna teburin baya a shagon kofi, suna cin donat suna yi wa juna tsiya, kowa na cewa katunan ɗan'uwansa kamar kare ya tauna. Kuma dukansu kati ɗaya ne ya gagare su, na wani mai tare ƙwallo wai shi Orval Dunnick, wanda Duane ke cewa ko uwarsa ba ta tuna ya taɓa wasa ba. A cewarsu katinsa ya fito ne a ƙarshen kakar wasa, yara sun riga sun koma makaranta hankalinsu ya tafi wani wuri, shi ya sa ba shi da yawa. Mai maki takwas kuwa, a duk yankinmu ɗaya tak suka sani.

Earl ne ya fara samunsa, a gwanjon kayan wani likitan haƙori da ya rasu. Ya cika jerinsa, ya saya wa kowa kofi. Kafin ganyen bishiya ya gama zubowa matarsa ta same shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu, zaune a kujera, katunan a jere gabansa, hannunsa cikin farar safar hannun da suke sawa in za su taɓa su. Rai ya yi halinsa. Duane ya sayi katin daga hannun 'ya'yan Earl, shi ma ya cika nasa. Bai ga narkewar ƙanƙarar shekarar ba. Matarsa Marlys ta kira shi cin abinci da rana tsaka, shiru, ta sauka ta same shi daidai yadda aka sami Earl, har safar.

Wendell kuwa, Allah ya shirye shi, a wajen cin abincin bayan jana'iza, kofi bai ma huce ba, ya matsa kusa da Marlys ya tambaye ta katin. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ce masa za ta duba.

Bayan 'yan makonni, ranar da ya tafi aski, sai ga Marlys a ƙofa. Za ta koma wajen 'yarta a Arizona, mota ma na jiranta. Na yi na yi ta shigo ta ƙi. Ta miƙo min abu a naɗe cikin tawul ɗin kicin, ta ce kyauta ne, ba ta son ko sisi, in dai ya bar hannunta. Sannan ta rage murya ta ce tun ranar da katin nan ya shiga gidanta, gidan yake warin cingam, irin jan nan mai gari-gari na da. Ta wanke labule, ta kira mai gyaran bututu, a banza. Ta ce kuma matar Earl ta taɓa gaya mata haka, ita Marlys ta ɗauka ruɗin takaba ne. A tsaye nan bakin ƙofa muka ƙulla cewa za ta ce wa Wendell ta sa masa a wasiƙa.

Na buɗe tawul ɗin sau ɗaya. Wani saurayi ne mai manyan kunnuwa a tsugune, ba ya kallon mai hoto, ya waiga gefe kamar wanda aka kira sunansa. Ba abin tsoro a fuskarsa. Na mayar na naɗe, na jefa cikin tsohon gwangwanin fulawa, na danne murfi, na tura can saman kabad ɗin kicin.

Malama Bernadine, katin nan yana cikin roba da aka liƙe, robar tana cikin tawul, tawul yana cikin gwangwani. Amma kicin ɗina yana warin cingam. Ba kullum ba, yakan taso da hantsi, ya yi ƙarfi har in ji zaƙinsa a maƙogwaro, sannan ya ɗauke. Na ce ko zuciyata ce, tunda Marlys ta sa min abin a kai. Sai matar fastonmu ta kawo min kek ɗin tuffa, tana ajiyewa ta hau dariya, wai da waɗannan haƙoran roban nawa na koma cin cingam. Ba ta san komai a kan katin ba. Ni ma na yi dariya. Da ta tafi na hau kujera na taɓa gwangwanin, na ji shi da ɗumi, alhali kabad ɗin yana jikin bangon waje, inda ko man shanu ke daskarewa.

Wendell kuma kullum yana bakin titi gaban akwatin wasiƙa, tun kafin motar mai kawowa ta ɓullo, cikin wannan sanyin namu. Wata na uku ke nan. Ya rame, wandonsa na zamewa, ga wani tari da ya ƙi tafiya. Mutumin da yake zagin rediyo idan ƙungiyarsa ta yi shirme, yanzu sai ya zauna shiru har a gama wasa. Ya daina sauka ɗakin ƙasa, inda katunansa suke, gaba ɗaya. Abin da ya fi ɗaure min kai, bai sake kiran Marlys ba, bai je ya yi wa kowa masifa ba, shi da in an jefa masa jarida cikin ruwa sai unguwa ta ji.

A kwanakin nan kuma wani sabon abu ya ɓullo. Zan fito daga ɗakin wanki in same shi tsaye a kicin gaban wannan kabad ɗin, ya ɗaga kai yana kallon sama, hannuwansa a sake, sanye da farar safar. Ba ya buɗewa. In na yi magana sai ya ce ya manta abin da ya shigo ɗauka, ya tambayi me za a ci. Jiya da na gan shi haka sai da na koma ɗakin wanki na toshe bakina da riga na yi kuka.

Ya sha faɗa cikin raha cewa ranar da ya cika jerin nan ya gama aikin da ya zo yi duniya. Da dariya nake yi. Yanzu tsoro nake ji, tsoro sosai. In na ba shi, ina ganin kamar da hannuna na raka shi. In na hana shi, ga shi yana ƙarewa a kan idona. Na yi tunanin in ƙona katin, na yi tunanin in jefa shi tafki, amma ban taɓa yi wa mutumin nan ƙaryar da ta wuce ta kuɗin takalmi ba, kuma wannan burinsa ne tun yana yaro. Ban gaya wa 'ya'yanmu ba, don yanzu za su fara nema mana gidan tsofaffi. Ya zan yi?

Mai Gwangwanin Fulawa,
daga Wisconsin

Mama Mai Gwangwani,

Ba ki zare ba. Mace ce ke da ta ga an binne abokan mijinta biyu, kuma tana ƙaunar na ukunsu, wato mijin nata. Tsoronki yana da dalili, ba zan raina shi ba.

Amma mu duba katin nan da idon basira. Masu tara irin waɗannan kaya ba sa sayar da abin da ya fi wuyar samu suna numfashi. Mutuwa ce kaɗai ke ɓamɓare shi daga hannunsu. Don haka duk inda kika bi sawun kati mai wuya, gawa za ki tarar a bayansa, ko na wane ɗan wasa ne. Kuma wanda ya kai ga cika jeri irin wannan ya riga ya ba shi rayuwarsa, ya tsufa a kai. Earl da Duane dattawa ne, an same su a kujerar da suka fi zama a kanta. Maganar wari da ɗumin gwangwani kuwa, ba ni da bayani, kuma ba zan ƙirƙiro miki ba. Hancin mutum huɗu ya ji, na karɓa a yadda kika faɗa. Sai dai har yanzu warin bai taɓa kowa a gidanki ba. Sanyin bakin titi kuwa yana taɓa mijinki kowace safiya.

Yanzu ga abin da nake gani kin kasa gani don kin yi kusa da shi da yawa. Mijinki ya san inda katin yake. Wanda ya ɗauka kayansa sun ɓata a hanya waya yake bugawa, faɗa yake yi, ba safa yake sawa ya tsaya gaban kabad ba. Yana da hannu, yana da kujerar hawa, bai buɗe ba. Shi ma ya je jana'izar nan biyu, kuma shi ya fi ki sanin mamatan. Ina kyautata zaton tsoron da kike ji shi yake ji, ya bar miki riƙon abin don shi ba zai iya ba, yana fita bakin titi don kada ya tona ki, kada kuma ya tona kansa. Kowannenku yana kare ɗayan, kuma kariyar ce take cinye ku.

Kada ki ƙona, kada ki jefa tafki. Kayansa ne, kuma in kin yi haka ƙaryar wata uku za ta zama ta har abada. Amma ba na cewa ki miƙa masa ki juya baya.

Abu na farko likita, cikin makon nan. Tari da rama a shekarunsa ba abin jira ba ne, a duba ƙirjinsa da zuciyarsa, ki kuma ambaci shirun da tsayuwar, ko da hasashena ya zama kuskure ne. Ki gaya wa ɗaya daga cikin 'ya'yanku, wanda ya fi riƙe baki. Sannan ki zaɓi rana mai haske, bayan kun ci kun ƙoshi, ki sauko da gwangwanin ki ajiye kan tebur tsakaninku. Kafin ya taɓa, ki faɗa masa gaskiya tsirararta: kin ɓoye ne don kina tsoron ya mutu ya bar ki. Ki tambaye shi ko shi ma haka. Daga nan shawara ta zama ta ku biyu. In ya ce a bar shi cikin gwangwani, sai a bar shi, kowa ya sani, ya daina fita sanyi. In ya ce zai saka shi a gurbinsa, ki sauka ɗakin ƙasa tare da shi, ki ja kujera ki zauna, kuma ku hauro tare.

Ba zan yi miki alkawarin yawan kwanakinsa ba, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunki ba. Abin da ke hannunki shi ne inda zai ƙarar da su. A yanzu yana ƙarar da su a bakin titi shi kaɗai, yana jiran abin da ke cikin gidansa, ke kuma kina bayan ƙofa kina kuka. Ki shigo da mijinki ciki, Mama.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara muku shekaru masu yawa kuna ba juna maki.

Taki,
Bernadine