Shafin Hagu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar taka, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau, in dai ta jiki ce.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon waya. Tun da yanar ido ta rufe wa Baba gani kunnensa ya ƙara kaifi, ko a bakin rijiya na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Don Allah kada ka kira ni a kan zancen nan. Yaya, na yi ɓarna.

Ka san akwatin Baba na katako, mai littattafan rubutu goma sha biyu. Shekara talatin ya yi yana gyara rubutun wasu a maɗaba'a, sannan ya yi ashirin yana rubuta tarihin gidanmu a cikin littattafan nan. Ka kuma san dokarsa: akwatin ba ya taɓa ƙasa. A kan teburi yake zama, ƙafafun teburin cikin gwangwanaye huɗu masu baƙin mai. To, bara da na sami keken ɗinki na rasa inda zan ɗora shi. Na ce ai kwana biyu ne kafin kafinta ya haɗa min nawa teburin. Na sauke akwatin na jingina shi da bangon sito. Kafinta ya yi ta min gobe jibi, ni kuma shashasha na manta.

Ranar Talata Baba ya ce in ɗauko littafi na farko in karanta masa, yana son ya yi gyaran ƙarshe tun yana da sauran numfashi. Na je na ɗaga murfin. Innalillahi! Yaya, gara. Bangon littattafan yana nan kamar ba abin da ya same su, amma ina ɗaga na farko ya zube a hannuna, jar ƙasa kawai da gutsattsarin takarda. Na buɗe duka goma sha biyun. Abin da na tsira da shi bai cika tafin hannu ba, nan rabin kalma, can lambar shafi.

Ina durƙushe a wurin na ji yana kira, wai ko akwatin ya yi min nauyi ne. Ka san abin da likita ya ce game da hawan jininsa. Wallahi ban san lokacin da na ce masa ƙura ta yi yawa ba, sai na kakkaɓe tukuna, gobe ma fara. Na yafa mayafi na fita na sayo sababbin littattafai goma sha biyu, masu baƙin bango irin nasa.

Ka tuna ni ce mai zama gefensa duk lokacin da yake karanta mana abin da ya rubuta, kai kana zillewa wajen ƙwallo. Akwai abin da ya maƙale min a ka. Jiya bayan la'asar na zauna gabansa, na buɗe farar takarda, na yi ta zuba labarin kakanmu mai rini kamar ina karantawa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Sai ya ce, “Wannan layin ya yi rauni. Rubuta gyara a hagu.” Ka san tsarinsa, a shafin dama kaɗai yake rubutu, na hagu yana barinsa don gyara. Ya faɗa, na rubuta, zufa tana ɗiga a kan takardar.

Ka faɗa min yadda zan yi. Ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jarrabawar yara ta yi kyau, Anti kuma ta warke daga murar. Wasiƙarka ta iso. Na ɓoye ta a cikin kwandon ƙyallaye, na karanta ta ya fi sau goma.

Ka ce in faɗa masa gaskiya kawai. Daga nesa abin da sauƙi, malam. Sau uku ina gwadawa. Na ƙarshe har na ce, “Baba, akwai wata magana,” ya juyo da fararen idanun nan nasa yana jira, hannunsa a kan ƙirji. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko in ƙara masa sukari a shayi.

Yau wata uku ke nan muna yi, kullum bayan la'asar. Mun shiga littafi na shida. Ni ina karanta abin da babu, shi yana gyarawa. Da farko layi ɗaya ne ko biyu. Yanzu da na buɗe baki zai ce ba haka ba, ya kama faɗa, sai in cika shafin hagu uku ban ɗaga biro ba. Wani lokaci ya yi tsaki ya ce ashe haka rubutunsa ya lalace bai sani ba. Duk sanda ya faɗi haka ji nake kamar an soke ni, don ba nasa ne ya lalace ba, nawa ne. Ina sa mutumin da bai taɓa barin kuskure ya wuce shi ba yana zargin kansa.

Shekaranjiya Gwaggo ta kusa kashe ni da raina. Ta shigo ba sallama kamar yadda ta saba, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, “Ke kuma me kike karantawa a farar takarda, ko aljanu ne suka rubuta miki?” Yaya, na ji ɗakin yana juyawa. Baba ya yi dariya ya ce mata ita ma ta biyo shi wajen likitan ido, tsufa ba ya barin kowa. Ta hau shi da masifa wai ya girme ta da shekara bakwai, zance ya bi ruwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Asibitin da ka yi wa magana sun kira. Sun sa ranar aikin idon, nan da mako biyar. Likitan ya ce yanar ido ce kawai, in an cire zai gani har ya yi karatu. Allah ya saka maka da alheri, ka yi abin da ɗa ya kamata ya yi. Amma bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na ajiye wayar, abin da ya fara zuwa min a rai shi ne Allah ya sa a ɗaga ranar. Ubana fa, wanda ya shekara huɗu yana lalube bango. Na shiga ɗaki na yi ta istigfari, na ji tsoron kaina.

Shi kuwa murna yake yi. Ya ce abin da zai fara kallo ba fuskar kowa ba ce, rubutun hannunsa ne.

Ka yi min addu'a.

Auta

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajartar wannan, a bencin asibiti nake rubutawa. Yaya gida, yaya yara?

An yi aikin da safe, an fito lafiya, alhamdulillahi. Idon yana naɗe da bandeji. Gobe za a buɗe, jibi mu koma gida.

Na yi wata wauta a makon da ya wuce. Na ce bari in cika shafukan dama da kaina, in kwaikwayi hannunsa. Na samo wata tsohuwar wasiƙarsa na sa a gaba na yi shafi biyu. Da na duba, ko Gwaggo ba zan iya ruɗa da shi ba, balle mai shi. Na yage.

Akwai abin da ya fi wannan. Mako biyu kafin mu zo nan muka kai littafi na tara, wanda ya rubuta a kan rasuwar Mama. Ka tuna ranar da ya karanta shi. Ni tun layin farko na toshe kunne na gudu maƙwabta, kai kaɗai ka zauna ka ji har ƙarshe. To, na buɗe farar takarda, ba ni da ko kalma ɗaya a kaina. Ina jin agogon bango, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ce shi ke nan, yau asiri ya tonu, yanzu zai faɗi a gabana. Can ya ce in tsallake, mu tafi na goma. Bai yi gyara ko ɗaya ba ranar, bai kuma ci abinci ba.

Ɗazu nas ta gwada jininsa ta ce ya ɗan hau, a guji ɓata masa rai. Na kalle ta kawai. Jibi zan miƙa masa abin da zai iya kashe shi da hannuna, kuma babu inda zan gudu. In wani abu ya same shi, ka sani ni ce.

Ƙanwarka mai tsoro,
Auta

* * *

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Baba yana gani. Yana raye. Bari in fara da wannan don ka sami numfashi.

Muna shiga gida bai ko zauna ba ya ce a kawo. Na ɗauko sababbin littattafan na ajiye a gabansa, na durƙusa. Na riga na ajiye maganinsa da ruwa kusa, na kuma roƙi maƙwabcinmu mai mota kada ya yi nisa.

Ya sa sabon tabarau ya buɗe na farko. Dama fari fat, hagu cike da rubutuna. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ɗauki na biyu, na uku. Ni idona yana kan jijiyar wuyansa. Da ya gama na goma sha biyu sai ya ce, “Auta, rubutunki kamar kaza ta yi tono. Amma ba ki zubar min da kalma ko ɗaya ba.”

Na fashe da kuka ina ba shi labarin gara. Ya ce in yi shiru, ya sani. Wai tun bara yake jin kukan teburinsa a ƙarƙashin keken ɗinkina, ƙafar baya ta hagu tana da wata ƙara da ya san ta shekara da shekaru. Ranar da na fara karatu kuma, ina juya shafin farko ya tabbatar, don tsohuwar takarda ba ta ƙara irin ta sabuwa, kuma ba ta wannan ƙamshin. Mutumin da ya yi rayuwarsa a maɗaba'a na je in ruɗa da takarda!

Na ce to me ya hana shi magana, ya bar ni ina mutuwa a tsaye wata huɗu? Yaya, ka san abin da ya ce? Ya ce tsoro. Shekara guda yana son ya tambayi akwatin yana kasawa. Da ya gane kuma, ya ga in ya yi magana zan rushe, shi ma ya rushe, littafin ya tafi ke nan. Sai ya mayar da gyara hanyar sake faɗa min shi daga farko, yana sauri kada mantuwa ko mutuwa ta riga shi. Ashe kullum bayan la'asar mu biyu ne muke zaune cikin tsoro, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Na ɗauka an gama. Sai ya jawo na tara, wanda dama da hagu duka fari ne, ya ɗora tafinsa a kai. A nan ne muryarsa ta karye. Ya ce sauran ya dawo da su, wataƙila ma sun fi na da kyau, amma wannan ya gagare shi. Ya rubuta shi ne a makon rasuwar don ya sauke shi daga kansa, kuma ya sauka. Akwai maganar da Mama ta yi masa da safiyar ranar da ta cika, ya rubuta ta kalma da kalma, shafi ɗaya da rabi. Yanzu yana ganin bakinta yana motsi, amma ba ya jin abin da take cewa. Ya ce ya yafe min tun kafin in roƙa. Na yarda ya yafe, amma na ga fuskarsa sanda yake faɗar wannan, kuma ni na jingina akwatin da bango.

Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa jin littafin nan daga bakinsa, kai ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan, na sani. Ya hana ni tambayarka ta waya, ya ce yana tsoron amsar. Ni ma ina tsoronta. Na mayar masa da teburinsa, na zuba sabon mai a gwangwanayen, ya ɗora littafi na tara a kai da biro a gefe, ya ce ba mai taɓawa sai ka zo. Kullum da safe yana buɗe shi ya kalla ya rufe.

Ka nemi hutu a wurin aiki, ko na kwana uku ne. Kada ka rubuto min amsa, ka taho da ita. Yaya, don girman Allah ka ce ka tuna.

Ka gaida Anti da yara. Baba yana gaishe ka, wannan karon da saninsa.

Ƙanwarka,
Auta