Lambar da Ke Bangon Ɗakina

Ni mahaifinku, tsohon malamin lissafi, na rubuta wannan da hankalina garau, duk da na san kun daɗe kuna raɗa cewa na taɓu. Jikin ne ya gaji, kan nan lafiyarsa ƙalau.

Na ɗaya. Gida da kaya a raba yadda ya dace, ba ruwana. Amma bangon ɗakina kada a taɓa shi. Babba, da kai nake. Na ga gwangwanin fentin da ka ɓoye a ƙarƙashin bene, kana jira in rufe ido ka saka ɗan haya. Ko kunya babu!

Na biyu. Tunda ba wanda ya taɓa tambayata, ga abin da ke bangon: 4,294,967,297. Ka ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa har sau talatin da biyu, ka ƙara ɗaya, ita ke nan. Biyu ba ta raba ta, uku ma haka, biyar ma haka. Da mahaifiyarku ta rasu na rasa dalilin tashi daga gado, sai na ɗauki alli na rubuta ta. Duk sati nakan gwada ta da lamba ɗaya, cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, in ga ko ita ma irinsu ce. Da hannu nake yi, a tsaye, gwiwa na ciwo. Ita ta riƙe ni, ku kuna can kuna harkokinku.

Na uku. Mijin Auta kada ya ɗauki gawata. Na kai 631 ya shigo gaisuwa, ya dubi bango, ya latsa waya, ya gaya mini yana dariya wai 641 ce ke raba ta. Ita ce ta gaba! Sati ɗaya ya rage in gano da hannuna. Wa ya aike shi? Kuka tafa masa, har da ke Auta. Tun ranar ban sake ɗaukar alli ba, kuma kun ga yadda na koma.

Na huɗu. Babba da Auta, gabar da kuke yi a kan wa zai gaji ɗakin nan ta ishe ni. Ku kashe ta kafin a wanke ni.

Na biyar. Rabawar lambar nan ban yi ta ba, na bar muku. Bayan an binne ni ku shiga ɗakin ku biyu, wayoyi a waje, mijin nan ma a waje. Allin yana kan taga. Ku raba ta da 641, layi bayan layi, in ɗaya ya kuskure ɗaya ya gyara. Sai kun ga sifili a ƙasa Babba zai buɗe fentinsa.

Allah ya yi muku albarka, ko da ba ku nema ba. Ku riƙe juna. Na ga lambar da ta haura biliyan huɗu, na ɗauka ba mai iya raba ta, ashe ƙarama ɗaya ta ishe ta.